Taken da Ban Amsa Ba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Audu, makaɗin gangar noma a ƙauyenmu da ke gabas da Tsanyawa. Allah Ya jiƙansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa bana, fim ne. A kakarsa ta ƙarshe wasu samari daga birni sun zo da kyamarori sun ɗauki kalankuwar garinmu, bikin kiɗan da ake yi a fili bayan an kai amfanin gona gida. Sai watan jiya 'yata ta tsinto fim ɗin a waya, ta haɗa mana shi a talabijin.

Gaskiya samarin sun yi ƙoƙari. Sun kama taron yadda yake, mutanen ƙauyuka har daga wajen Kunci, 'yan mata da sababbin atamfofi, 'yan dambe, masu tallan ƙosai, dammunan gero jingine a bayan fage. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ce gani ya kori ji. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wajensu ganga amo ce kawai ta ƙawata hoto, shi ya sa suka ɗora muryar mai sharhi a kanta, suna yanke kiɗa duk inda suka ga dama. A wajenmu kuwa ganga magana take yi. Kowane manomi yana da takensa, kalmomin da ake kaɗa masa shi kaɗai, kuma in ya ji dole ya ɗaga hannu ya amsa. Kai, sai na ji kamar ana katse dattijo a tsakiyar zance!

Ni ma ina da nawa, kuma shi ya haɗa mu rigima. Da na bar garma na zama malamin makaranta a Kano, Yaya ya yi mini take: “Sule ɗan Hajjo, alli ba ya cika rumbu.” Wata shekara na zo da abokan aikina, ya kaɗa shi, fage ya ɗauki shewa, aka fassara musu suka yi ta dariya. Na ji zafi ƙwarai. Ya ce, “Haba Malam, wanda ba a so ai ba a yi masa take.” Ban saurare shi ba. Kakar da ta biyo na ƙi zuwa, na ce aiki ya riƙe ni. Ita ce wadda aka ɗauka a fim, kuma kafin wata kakar ta zagayo zazzaɓi ya tafi da shi. Tun daga nan nake tambayar kaina ko ya tafi yana fushi da ni.

Da zai ga kalankuwar yau, da manyan lasifikoki da yara kowa ya ɗaga waya sama, ban ce zai yi faɗa ba. Mutum ne mai cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Abin da zai tambaya ɗaya ne: a cikin wannan ƙarar, wa ake kira, wa yake amsawa?

A fim ɗin, ko fuskarsa samarin ba su nuna sosai ba, sai hannunsa da gula, wato sandar kiɗa. Amma can wajen ƙarshe, mai sharhi ya tsaya ya ja numfashi, sai na ji gangar a fili. “Sule ɗan Hajjo.” Na sa 'yata ta mayar baya. Na jira zancen alli, bai zo ba. Ya sauya ƙarshen: “Sule ɗan Hajjo, gida na jira.” Sau uku ya kaɗa, yana barin gurbin amsa, kyamara kuwa tana kan mai ƙosai.

Saboda haka ba zan yi wa samarin nan butulci ba. Sun ɗauki biki ba su ji abin da yake faɗa ba, amma sun adana mini abin da gangarsa da ke rataye a zaure ba za ta ƙara faɗa ba. 'Yata ta ce, “Baba, lafiya ka ɗaga hannu?”

Na ce mata kirana aka yi, na makara ne kawai.