Maƙerin da Aka Bari Ya Tafi

Shekarar da injin casar shinkafa ya tsaya, Baba ya kasa zama wuri ɗaya. A wani kamfani yake aiki kusa da Kura, Turawan da suka kafa injin kuwa sun koma ƙasarsu. Wata uku ana jiransu, aka ce ma'aikata su zauna a gida. Sai ya fita bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ya dawo, ya sake fita.

Bayan isha'i mukan kewaye murhun Iya Dije, mahaifiyarsa. Ran nan ko jiran mu nutsu ba ta yi ba, ta fara, muryarta sama da yadda ta saba.

Wai wani baƙon maƙeri ne ya sauka wani gari da garemanin da ba a taɓa ganin irinsu ba. Sarkin noma ya saye duka, ya sallame shi. A ƙauyen gaba babu mai abin saye, sai wata tsohuwa ta ba shi ɗaki da tuwo, ta ce 'ya'yanta biyu su riƙa yi masa zuga. Suka ƙona yatsu, suka ɓata ƙarfe, ana yi musu dariya, har suka iya ƙira. Bayan damina uku garemanin sarkin noma suka cinye. Aka aika neman maƙerin, aka tarar ya rasu.

"To, wa ke da garma?" in ji Iya. Muka ce sarkin noma. Ta ce, "Shi kam aro ya yi, bai sani ba."

Ashe Baba na tsaye a bayanmu. Ya ce, "Iya, in muka buɗe injin ya ƙara lalacewa, korarmu za a yi."

Ta ce, "Zaman nan da kake yi fa, me sunansa?"

Shi da abokan aikinsa biyu suka yi ta bin manaja har ya yarda. Suka kwance injin, suna jera kowane ƙarfe a tabarma bi da bi don kada su rikice. Wanda ya karye suka kai Kano aka ƙera irinsa. Na farko bai shiga ba, na biyu ya yi mako guda, na uku ya riƙe. Injin ya tashi yana tari, amma ya yi casa.

Yau ni ma injin casa gare ni a Bunkure. Bara na sayo sabo, a rufe ruf, da gargaɗin kada a buɗe. Na roƙi wanda ya kafa shi ya ƙara kwana ya koya wa ma'aikatana. Ya nuna musu inda ake kunnawa, ya tafi. Manoma sai yabo suke yi. Ni kuwa kullum da safe sai na tsaya na kasa kunne, don ranar da zai yi shiru, babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin cikinsa.