Buhu Mai Lamba Bakwai

Har yau ban manta da ranar da maiɗakina Hajara ta wanke tukwane da aikinmu na wata uku ba. Lokacin ana gab da samun 'yancin kai, ina direba kuma mataimaki a aikin daji a wani ofishin binciken duwatsu a Inugu. Maigidana Dokta Nwosu ne, masanin duwatsu masu aman wuta.

Ga yadda aikin yake. Duk aman da dutse ya yi, yakan bar shimfiɗar toka, wata kan wata. Mu haƙa rami, mu ɗebi kowace shimfiɗa a ƙaramin buhu, in rubuta lambar shimfiɗar. Da haka Dokta ke ƙirga sau nawa dutsen ya yi amai, ya gargaɗi masu noma a gindinsa.

Mun dawo daga Dutsen Kamaru ran Asabar da la'asar, ofis a rufe, sai na sauke buhunan a gidana a unguwar Obiagu. Litinin da safe na tarar biyu a buɗe, sun yi rabi, duka masu lamba bakwai, ɗaya daga gabashin dutsen, ɗaya daga yamma. Hajara ta zaci tokar murhu na kawo mata tsaraba. Nan take na ga aikina ya tafi.

Dokta ya zo da kansa ɗaukar kaya. Na faɗa masa gaskiya, ya juya yana kallon tukwanen. Hajara ta fito ta gaishe shi, ina fassara. Ta ba da haƙuri, sannan ta ƙara da ƙorafi.

"Malam, gaya masa tokar nan ba iri ɗaya ba ce. Wannan laushi gare ta, waccan kuwa duk ta karce mini gindin tukunya."

Dokta ya murza kowacce a yatsa, ya sake murzawa, ya duba da gilashinsa mai ƙara girman abu. Sai ya zauna kan turmi yana dariya har da hawaye. Ashe abin da muka ɗauka amai ɗaya, biyu ne, kuma binciken ofis ya tabbatar daga baya. Ya sayo mata sabuwar tukunya, ni kuma ya hana ni sake kai buhu gida.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya shi ne Dokta bai ji kunyar sauraron matar da ba ta taɓa ganin dutsen ba. Masanan da na ga sun yi nisa duk haka suke: su taɓa da hannu, su saurari kowa, kuskure ya fito su gyara rubutunsu.