Toka a Gindin Rumbu

A bazarar shekarar da annoba ta share shanun ƙasar nan, tun Nasara ba su shigo Sakkwato ba, ina yarinya ban cika goma ba, na tsaya a bakin garinmu Horo Birni da tulu a kai ina kallon ungulaye sun rufe filin kiwo baƙi ƙirin. Wari ya hana mutane cin tuwo a tsakar gida. Shanun da jiya ke tafe suna kaɗa wutsiya, yau ga su kwance idanu na zubar da ruwa, ba mai ko sha'awar feɗe fatarsu. Cikin waɗanda garkensu ya ƙare ƙaf har da Kawu Sambo, ƙanin Innarmu, mutumin da a da ba ya shigo mana sai da ƙwaryar nono da curin man shanu.

Bazara lokacin karatu ce a gidanmu. An gama sassabe, an ƙone kara, sai zaman jiran ruwa. Babanmu malami ne, kuma yana da wasu takardu a gafaka da ya kwafo wajen malaminsa a Bodinga, hikayoyin alƙalan da da yadda suke gano mai laifi. Bayan la'asar yakan zauna gindin aduwa ya karanta da Larabci, ya mayar mana da Hausa. Ni kuwa sai in gaggauta surfe, in cika randa, in bar ƙawayena da carafkensu, in laɓe jikin zana. Tun lokacin ina da ra'ayina. Ba na son labarin da aljani ko mafarki ke tona ɓarawo, don gani nake an cuci mai sauraro. Na fi son wanda alƙali zai lura da jar laka a kofaton jaki, ko ya kama mutum saboda ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Baba yakan tsaya daf da ƙarshe ya ce, "To, wa ad da laihi?" Sau da yawa ni ke riga yayyena maza, ya yi dariya ya ce, "Ɗiyag ga, kanta ya hi na dattijo."

Ana cikin haka sai geron irinmu ya fara raguwa. Shekarar ba a sami albarka ba, abin da ya rage a ƙaramin rumbu shi ne shukar bana, Inna ko taɓa shi ba ta yi, gara mu kwana da tafasa da ƙuli. Idan ya ƙare, ruwa zai sauka ya tarar da mu hannu biyu. Yayyena suka zargi wani baƙo mai tallar gishiri, suka ce a kai ƙara wajen alƙali a garin Shagari. Baba ya ce ba za a ɗauki alhakin mutum da zato ba, za a yi yadda wani alƙali ya yi a takardunsa. Ya sa aka tankaɗe tokar murhu, aka barbaɗa ta kewayen rumbu. Ba zan ɓoye ba, murna ta kama ni, labari ya fito daga gafaka ya shigo gidanmu.

Da aka idar da asuba na bi bayan Baba. Ga sawu nan raɗau a kan toka, ƙafar babba, ba takalmi, kuma ta dama ba ƙaramin yatsa. Duk Horo Birni an san wanda bijimi ya taɓa taka wa yatsa har ya guntule. Baba ya sa ƙafarsa ya shafe sawun a hankali har ba abin da ya rage. Ya juyo ya gan ni, ya ce, "Kak ki hwaɗa ma kowa. Yunwa ta, ba hali ba." Da hantsi ya auna gero a ƙwarya ya ce Inna ta kai gidan ƙaninta, ta ce sadaka ce ta shigo.

Amma Kawu ya riga ya ga toka a ƙafarsa, ya kuma gane ma'anar ƙwaryar. Mutum ne da bai taɓa roƙon ko allura ba. Ya ce wa matarsa zai tafi neman kiwon wasu, ya ɗauki sandarsa ya fita cikin wannan rana mai narka ƙarfe, ba gora, ba guzuri. Masu itace ne suka tsinci gawarsa a hanyar Kajiji, jingine da gawo. 'Yarsa Dije, abokiyar gaɗata, ta dawo ɗakinmu da zama, muna kwana tabarma ɗaya, tana tambayata ko na san abin da ya fitar da babanta. Har ruwa ya sauka Baba bai ƙara zama gindin aduwa ba. Muka shuka geron, ya yi kyau, muka ci shi ba daɗi.

Yau idanuna sun tafi. In bazara ta yi, jikana ɗan boko yakan karanta mini littattafan 'yan sanda masu bincike, kuma har yanzu nakan riga shi gano mai kisan, ya yi ta mamaki. Ina jin daɗinsu, sai dai duk suna ƙarewa ne inda aka kama mutum, kowa ya watse yana murna, ba mai kai mu gidansa mu ga wanda ke jiran ya dawo. Nakan yi kewar muryar Baba da zamanin da nake tsammanin gane mai laifi shi ne ƙarshen magana. Ashe wata gaskiyar, nemanta ya fi samunta sauƙi.