Ranar da Sallau Ya Shanya Muryar Babansa

Wata rana, ana gab da la'asar, a-daidaita-sahu ya tsaya a layinmu a Funtuwa. Malam Sallau mai wankin hula ya fito rungume da kwali, yana takawa a hankali kamar wanda aka miƙa wa jariri ranar suna.

Ina ƙofar shagona ina jera kaya. Robobi nake sayarwa: bokiti, baho, buta, kujera.

Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Na ce, "Bawana, me ka sato?"

Ya ce, "Kauce, Bakano, kada idonka ya sa shi ya yi tsatsa."

Shi Bazazzagi ne, ni Bakano. Shekara sha tara shagona na kallon rumfarsa, kullum cikin tsokana. Ya ba ni shekara goma sha biyar, amma wasan Kano da Zariya bai san furfura ba. Na taɓa jefa masa ƙadangare a bokitin sitati. Shi kuma ya dawo min da hulata ta sha sitati har ta koma tukunya, na je ɗaurin aure da ita goshina na zafi.

Haka muke.

Ya buɗe kwalin, sai ga garmaho.

Ba irin na wasa ba. Akwatin katako mai sheƙi, murfin gilas, siririn hannu mai allura a baki, da 'yan sifiku biyu. A wajen wani ɗan gwanjo ya gan shi a Kaduna. Kekensa ya bayar, aka ba shi garmahon da fayafayai shida.

Dattijo mai shekara sittin da biyu ya zaɓi tafiya a ƙasa saboda akwatin kiɗa.

Amma ba don shidan nan ya saya ba.

Akwai na bakwai.

Baban Sallau ɗan amshi ne a ƙungiyar wani makaɗin noma. Sau ɗaya tak aka kwashe su aka kai birni, aka ɗauki waƙarsu a faifai. Ba a jima ba ya rasu, Sallau na da shekara goma sha ɗaya. Bai bar hoto ba, bai bar gona ba. Faifan nan ya bari, naɗe cikin zanen mahaifiyar Sallau, a ƙasan akwatin ƙarfe.

Rabon Sallau da jin sa tun kafin ya yi aure, don garmaho ya ɓace daga gari.

Duk wannan na sani. Kada wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce wataƙila ban sani ba. Na sani sarai.

Ya ɗora faifan, ya sauke allura da yatsa biyu.

Ganga ta tashi. Makaɗi ya ja baiti. 'Yan amshi suka karɓa: "Auduga ta fashe, Ladi ɗauko buhu."

Cikin muryoyin akwai wata mai kauri, kullum tana ɗan biyo baya.

Sallau ya ɗaga yatsa. "Kun ji shi? Shi ne wannan. Kullum a makare. Ko masallaci a sahun baya yake samun wuri."

Yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Can ƙarshen waƙar, bayan kowa ya yi shiru, sai aka ji mai kaurin muryar ya yi gyaran murya, ehem, kafin a kashe na'ura.

Sallau ya ce, "Haka yake yi in zai shigo gida."

Daga ranar, kullum bayan la'asar, in akwai wuta, sai ya fito da garmaho kan benci. Ya goge murfi. Ya hure allura. Ya jingina da bango, ya lumshe ido.

Isiya mai faci, maƙwabcinmu na uku, ya ce masa, "Baba Sallau, ka yi asarar keke. Wayata ɗin nan waƙa dubu ce a ciki."

Sallau ya ce, "Akwai babana a ciki?"

"A'a."

"To riƙe abarka. Ni na samu nawa. Ko yau aka ce in tafi, ba ni da ƙorafi."

Wannan maganar ce ta tsaya min a wuya.

A shekarar nan sau biyu na canza waya, kuma ta ukun nake hange. Ga mutum silifas ɗinsa ɗaure da waya, wai shi ba shi da ƙorafi. Wallahi ba abin da ke cin rai kamar ka ga wanda ka fi ƙarfi ya fi ka barci.

Na ce a raina, bari in nemo masa ƙorafi.

Duk wanda ya san garmaho ya san wannan 'yar ƙarar da ke bin waƙa, tas-tas-tas, kamar ana suyar ƙosai a nesa. Sati uku Sallau na sauraro, bai taɓa jin ta a matsayin aibi ba.

Na je na tsaya a kansa, na karkata kai, na ɓata fuska.

"Bawana, wa ke suya a cikin akwatin nan?"

"Wace suya?"

"Saurara."

Ya saurara. Na ga lokacin da ta shiga kunnensa. Fuskarsa ta sauya.

Na ce, "Dauɗa ce. Dauɗar shekara hamsin ce ta cika layukan faifan. Kai da kake wanke hular kowa a garin nan, ka bar muryar babanka cikin datti? Haba, Malam Sallau."

Nan na soke shi, kuma na san inda na soka.

Ya ce, a sanyaye, "Ana wanke shi ne?"

Na ce, "Wani injiniya a Sabon Gari ya gaya min. Sabulu, buroshi, a ɗauraye. Sai a shanya a kan kwano, rana ta buge shi sosai tun daga hantsi har azahar. Za ka ji babanka garau, kamar yana zaune kusa da kai."

Babu wani injiniya. A tsaye na haife shi.

Ku fahimci mai wankin hula. A duniyarsa babu ciwon da sabulu, buroshi da rana ba sa warkarwa. Shekara arba'in abin da hannunsa ya sani ke nan. Da na ce ya shafa mai, da ya yi shakka. Amma wanki da shanya? Ai gida na kai shi.

Washegari da hantsi na gan shi tsugune gaban baho. Buroshi mai laushi ya ɗauko, wanda yake ajiye wa hulunan manya. Ɗaya bayan ɗaya ya wanke fayafayan, yana bismilla.

Ya jera su a kan fallen kwanon da yake shanya huluna.

Na babansa ya sa a tsakiya, inda rana ta fi sauka.

Watan Afrilu ne, jama'a. Zafin da ƙadangare ke gudu a kan yatsu.

Ya ɗauki ƙunshin hulunan da zai kai wa masu su a Bakori, ya leƙo shagona.

"Bakano, ga amana. Duba min su, kada akuya ta hau."

Na ce, "Je ka abinka, bawana."

Kun tuna me nake sayarwa?

Ni da ko bahon wanka ba na bari ya wuni a rana. Ni da nake sa rumfa saboda buta kada ta motse. Duk layin nan babu wanda ya kai ni sanin abin da rana ke yi wa roba, faifai kuwa roba ne.

Wajen sha ɗaya gefensu ya fara ɗagawa.

Na miƙe, Allah ya sani na miƙe. Taku goma ne tsakanina da kwanon.

Isiya ya riƙo rigata. "Ina za ka? Bari ya dawo ya ga gurasarsa mana."

Na kalli fayafayan. Na hango fuskar da Sallau zai yi. Dariya ta taso min tun daga ciki.

Na koma na zauna.

Kafin azahar sun gama. Wani ya naɗe kamar gurasa. Wani ya yi kasko. Wani ya lanƙwashe gida biyu kamar kunnen jaki.

'Yan layi suka taru. Isiya ya ɗauki ɗaya da tsumma ya kifa a ka, wai malafar Zagezagi. Mai kayan miya ya ce a ba shi ɗaya ya riƙa auna tattasai. Wani ya ce ai yanzu waƙar ta nuna, saura a zuba mata ƙuli.

Ni na fi kowa. Har da riƙe ciki, har da dukan benci.

Sai ga Sallau, ƙafa duk ƙura.

Ya tsaya.

Bai kalli shidan ba. Na tsakiyar ya ɗauka. Da zafinsa, na ga yatsunsa sun motsa, amma bai sake shi ba. Ya ɗora a cinya yana dannawa da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Roba in ta tafi, ta tafi.

Ya shiga ya fito da garmaho a gaban kowa. Ya ɗora. Allura ta hau tudu ta faɗa kwari kamar mota a kan gargada. Ganga ta zama gurnani. Makaɗi ya koma kukan akuya. Allurar ta yi tsalle ta fice.

Aka sake fashewa da dariya.

Ya mayar. Ta fice. Ya matsa ciki. Ta fice.

Sai da ya kai ta can kusa da ramin tsakiya, inda ɗan wuri kaɗan ya rage bai lanƙwashe ba. Nan ta zauna.

"...Ladi ɗauko buhu."

Shiru.

Ehem.

Shi ke nan abin da rana ta bari.

Dariyar ta mutu da kanta. Isiya ya sauke malafarsa a hankali ya ajiye.

Na matsa kusa da shi.

"Bawana, wallahi wasa nake yi."

Ya ɗago ya dube ni. Babu fushi a idonsa, ina ma akwai.

"Na sani, Malam Tukur. Kun gama, ko da saura?"

Malam Tukur.

Shekara sha tara bai taɓa kiran sunana ba. Ban ma san ya riƙe shi ba.

Na nemi irin faifan. Na buga waya Kano, na aika Kaduna, na sa an tambayi 'yan gwanjo har Jos. Babu wanda ya taɓa jin sunan makaɗin, balle ɗan amshinsa na sahun baya.

Na sayo keke sabo fil na jingina masa a rumfa. Da yamma na same shi jingine a ƙofar shagona.

Ya ce, "Na gode, Malam Tukur. Ƙafar ta ishe ni."

Ya daina fito da garmaho kan benci. Yanzu a cikin rumfa yake kunnawa, ya saki labule. Amma ina jin sa daga shagona. Abin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Layi ɗaya, shiru, gyaran murya. Ya ɗaga allura, ya mayar. Ya ɗaga, ya mayar.

Da ƙarar suyar da komai.

Isiya ne ya yi ƙarfin halin tambayarsa ko ba ya gajiya da abu ɗaya.

Ya ce masa, "Da ma waƙar ta makaɗi ce. Gyaran muryar nan ne na babana, kuma shi Allah ya bar min. Ya ishe ni."

Kun ji fa. Na ƙone masa kusan duka, kuma har yanzu ya fi ni barci.

Har yau shi ke wanke min hula. Tana dawowa fes, sitati daidai, ba ƙari ba ragi. Kullum sai na juya ta, na leƙa ciki, ko zan ga ya sa min barkono, ko ya ɗaure min ita tamau kamar da.

Babu komai. Hula ce kawai, irin wadda ake wanke wa baƙo.

Jiya da safe na gwada. Na ɗaga murya na ce, "Bawana, an tashi lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam Tukur. Ya kasuwa?"

Ya ci gaba da goga hularsa.

Darasi: In ka ga mutum ya rungumi ɗan abinsa ya ce ya ishe shi, ka ce Allah ya sa albarka, ka wuce. Ƙarar da kake ji a cikin jin daɗin wani, ba a faifansa take ba, a ƙirjinka take. Kai kuma mai abu, wanda bai taɓa cewa "ya ishe ni" ba, kada ka bari ya koya maka gyaran naka.

Ku tura wa wannan abokin da ba ya iya ganin sabon abu a hannun mutum sai ya nemo masa aibi. Kowace majalisa tana da irinsa. In ka duba taku ba ka gan shi ba, to kai ne, ka karanta sau biyu kafin ka tura.