Kunyar Ɗan Fari Ta Hana Ni Tambaya

Edita, yanzu tsohuwa ce ni, amma a shekarun farko na mulkin kai ina da ƙuruciyata, a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi. Mijina manomin auduga ne, 'ya'yanmu uku. Babban namiji ne, kuma ka san al'adarmu da ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi a gabana sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta. Mata suna yaba kunyata, ni kuma sakarya ina jin daɗin yabon.

Wata rana dogari ya zo ya ce mai gari ya zaɓi yaron, za a kai shi makarantar kwana can wajen Funtua. Masu faɗa a ji sun ɓoye nasu, namu na talakawa aka kwasa. Mijina ya so ya yi gardama, dogarin ya ce ya kwantar da hankalinsa, daga yau hukuma ce uwar yaron da ubansa, ga abinci, ga magani, ga gado har da bargo. Ranar tafiya ina daka. Na ji yaron tsaye a bayana, ya daɗe, ban juya ba.

Da bazara ta yi, wata mai daddawa ta gaya mini a kasuwa cewa sanƙarau ya shiga makarantar. To, wa zan gaya wa? Na yi ta kewaye-kewaye har na taɓa zancen a gaban surukata, ta ce yaushe na koyi rashin kunya, ai wanda ke hannun gwamnati ya fi mu lafiya. Mijina ya ce da akwai wani abu, da an aiko. Gida cike da mutane, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, ina tuƙa tuwo ina share hawaye, ina ɗora wa hayaƙi laifi.

Da abin ya ishe ni, na ce zan je barkar haihuwa, na shiga motar kasuwa. A bakin makarantar wani malami ya tambaye ni sunan yaron. Wallahi bakina ya yi nauyi, na tsaya kwatance, dogo ne, yana da tabo a goshi. Da ƙyar sunan ya fito, karo na farko a rayuwata. Malamin ya sunkuyar da kai. Ya ce yaran da iyayensu suka zo da wuri an tafi da su asibiti, sauran kuwa an yi ta jiran mota. Wai sun aika wa mai gari, saƙon bai iso gare mu ba.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri," ya ce. "Har ya cika yana tambaya ko Inna ta zo."

Ban ce hukuma muguwa ce ba, wataƙila ta yi niyyar alheri. Amma ba ta san fuskar ɗanki ba, kuma ba ta rasa barci dominsa. 'Yan'uwana mata, duk wanda ya karɓi ɗanki, ko gwamnati ce, ki taka ki je ki gani da idonki, ki yi tambaya ko da za a ce ba ki da kunya. Ni da na makara, makabarta aka nuna mini, kuma ba wanda ya iya gaya mini wanne ne kabarinsa.