Ciyawar da Malam Suhaibu Ya Kai Aji Biyar

Malam Suhaibu, mai koyarwa a wata firamare da ke bakin kanal ɗin ban ruwa a ƙasar Bunkure, shi da bakinsa yake cewa digirinsa biyu: ɗaya jami'a ce ta ba shi, ɗaya wata yarinya 'yar aji biyar.

Ɗan manomin shinkafa ne, amma tun yana ƙarami ya gano cewa mai riƙe da littafi ba a aikensa ban ruwa. To, sai ya riƙe littafin gam. Ƙannensa na cikin taɓo suna dashe, shi yana gindin mangwaro yana juya shafi. Da haka har ya shiga jami'a, sashen horar da malaman firamare, inda ya haddace sunayen Turawa masana halayyar yara kamar danginsa ne.

Da lokacin koyarwar gwaji ya yi, sai aka turo shi garinsu. Wata lakcara, Dakta Saude, za ta zo ta zauna a bayan aji ta ba shi maki. In ya faɗi, sai ya maimaita shekara, ga shi tuni mahaifinsa ya gama shela a majalisa cewa bana ɗansa zai gama.

Darasin ranar noman shinkafa ne. A jami'a an koya musu kada malami ya shiga aji hannu rabbana, sai da abin da yara za su gani su taɓa. Don haka da safe ya biya ta bedin da mahaifinsa ke rainon irin shinkafa, ya tsaya daga kan kunya, ya zaɓi tsiron da ya fi kowanne tsawo da kyan gani, ya tumɓuko.

Ya ɗaga shi sama a gaban yara sittin. "Wannan," in ji shi, da muryar da ya kwana uku yana gwadawa, "shi ake kira irin shinkafa."

Ajin ya yi tsit. Shi kuwa gogan ya ɗauka kwarjini ne. Can sai wata yarinya, Sumayya, ta ɗaga hannu a hankali.

"Malam, wannan ai ciyawa ce."

Gumi ya karyo masa har cikin safa. Ya saci kallon Dakta, ya ga 'yar birni ce, ita ma ba ta san bambancin ba. Tsawa ɗaya ta isa ta rufe maganar. Amma bakinsa ya kasa, don ya san yarinyar ba ta yi ƙarya ba.

"Zo ki nuna mana," ya ce.

Sumayya ta fito ta lanƙwasa ganyen. Ta ce shinkafa tana da ɗan gashi a inda ganye ya haɗu da kara, wannan kuwa sumul take. Nan take aji ya kaure, kowa na son faɗin yadda ake cire ta a gonarsu. Malam Suhaibu ya koma marubuci, suna faɗa yana cika allo.

Da aka tashi, Dakta Saude ta kira shi gaban yaran. "Suhaibu, da gangan ka kawo ciyawar don su gano da kansu?"

Ya dubi yaran. Kaf ɗinsu sun san shi, sun san ko hanyar gonar gidansu sai ya tambaya.

Sumayya ce ta riga shi. "Da gangan ne, Hajiya. Haka yake gwada mu."

Sauran suka amsa baki ɗaya, "Haka ne!"

Dakta ta rubuta masa maki mafi girma cikin waɗanda ta duba. Ya ce bai taɓa jin kunya da ƙaunar mutane sun haɗu masa a ƙirji lokaci guda irin na ranar ba.

Bayan motar Dakta ta wuce, ya kira yarinyar ya ce mata ƙarya ba kyau. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Malam. Amma in ka faɗi, wa za a kawo mana?"