Matar da Ke Ɗinka Mahaifa

Shagon Gwaggo Tela shi ne na ƙarshe a layin da ke bayan makarantar ungozoma, tsakanin mai gyaran fanka da wani kantin magani da kullum mai shi ya tafi ya dawo. Ɗan ɗaki ne, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da tagar da ba ta buɗuwa sai an doke ta da gwiwar hannu. Wanda ya leƙo don a rage masa ƙafar wando yakan ɗaga kai ya ga abin da ke rataye a igiya, sai ya rasa inda zai sa idonsa. Mahaifa ce ta yadi, jere reras, ja da ruwan hoda, kowacce da hannuwa biyu a miƙe. Maza sukan ce za su dawo anjima, kuma yawancinsu har yau ba su dawo ba.

Ba da wannan ta fara ba. A gindin keken mahaifiyarta ta koyi ɗinki, ta yi shekaru tana ɗinka wa ɗaliban makarantar fararen riguna. Wata rana shugabar malamansu, wadda kowa ke kira Sista, ta shigo da wata mahaifar roba da ta tsage gida biyu don tsufa, ta ajiye a kan keke, ta ce ko za a iya yin irinta da ƙyalle. Gwaggo ta juya ta, ta auna, ta ce a ba ta sati. Tun daga nan aikin ya zama nata, har makarantun wasu garuruwa suka riƙa aiko mata.

Kuma ta iya, wannan ba a musu. Mahaifar takan yi ta daidai dunƙulen hannu, ta sa roba a bakinta yadda zai buɗe idan an turo jaririn ƙyalle, ya koma ya tsuke. Daga kafaɗun mahaifar bututu biyu ke fita, ta tsaga ƙarshensu da almakashi su yi geza. A ƙarƙashin gezar sai jakar ƙwai, ɗaya dama ɗaya hagu, ta cusa musu auduga da 'yan duwatsun ado don ɗaliba ta matsa ta ji ƙwai a yatsunta. Cibiya kuwa kitsa ta take yi da zare ja da shuɗi. Duk ta haɗe su da ɗinki mai ƙarfi, don 'yan matan nan hannunsu ba ya jin magana.

Abin da ɗaliban ba su sani ba, har da Sista, shi ne matar da ke ɗinka musu mahaifa ita ba ta da tata.

Ba ta daɗe da aure ba jini ya tsinke mata, ciki ya yi ta kumburi, har maƙwabta suka fara yi mata barka. Ashe ƙari ne. Aka yi tiyata. Likita ya ja mijinta baranda ya yi masa bayani, ita tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Mijin direban babbar mota ne, mutumin kirki, amma maganarsa a yini ba ta cika cokali. Da ta farfaɗo ya zauna a bakin gado ya ce, "An cire komai. Ke dai kin rayu, shi ke nan." Ba ta tambayi mene ne komai ba. A lokacin kunya ta fi ƙarfinta, daga baya kuma ta ga kamar lokacin tambaya ya wuce.

Jinin wata bai sake zuwa ba, kamar yadda aka faɗa. Sai dai duk wata, a kwanakin da ta saba, ƙirjinta kan yi nauyi, ta ji wani tsunkuli a ƙasan mara, wannan watan ta dama, wani watan ta hagu, ranta ya yi ta ɓaci babu dalili. Sau ɗaya ta gaya wa mijin. Ya dube ta da tausayi, irin tausayin da ya fi zagi ciwo, ya ce, "Haba, daina sa wa kanki wannan tunani. Me ya rage a wurin da zai yi ciwo?" Ta gwada ƙanwarta. Ita kuma ta riƙe mata hannu ta ce, "Yaya, ki dage da addu'a, kar son haihuwa ya taɓa miki kai."

Daga ranar ta ja bakinta ta rufe. Ta yarda cewa kanta ne ke yi mata ƙarya, ta kuma ji tsoron kada a gane. Wata ya zo, ta ji tsunkulin, ta ce wa kanta babu komai, ta ci gaba da taka keke. Da shekaru suka ja abin ya ɗauke da kansa, bayan wani lokaci na zufa da jin zafi da bai da sanyin da ke kashe shi. Amma rashin yarda da kanta bai ɗauke ba. Takan auna yadi, ta sake aunawa. Ko ciwon kai ta ji, sai ta tsaya tana tantamar ko da gaske ne.

Mijin ya rasu a gadonsa, ba a hanya ba, ya bar mata ɗakin da ke bayan shagon. Can take kwana, can take dafa shayinta, kofi ɗaya. Ɗalibai su zo su cika bencin da surutu, Gwaggo kaza, Gwaggo kaza, su gama karatu su tafi, wasu su zo su gaji sunan. Ƙanwarta tana wani gari, takan bugo waya, amma rabin hirar tsawa ce ga jikoki, a ƙarshe ta ce, "Yaya, bari in kira ki anjima." Kaɗaici ya zauna mata sosai, ba ta kuma ɓoye wa kanta wannan ba.

Wata safiya Sista ta shigo da sauri kamar kullum, gilashinta a saman goshi tana nemansa a jaka.

"Gwaggo, sabuwa nake so, amma wannan karon kada ki ɗinke jakunkunan ƙwan nan da mahaifar. Ki ɗinka ƙugu ki kafa su a jikinsa, mahaifar kuma ki sa mata maɓalli, ta riƙa fita ita kaɗai."

"Ita kaɗai kuma? Ai abu ɗaya ne, Sista, riga ce da hannunta."

Sista ta yi dariya. "A wurin tela ke nan. Darasin tiyata zan yi musu. Ba kullum ake kwashe duka ba. Sau da yawa mahaifar ake cirewa a bar jakunkunan, in lafiyarsu ƙalau, balle in matar da sauran ƙuruciyarta. Suna da nasu jijiyoyin da ke riƙe da su a gefe."

Gwaggo ta ɗauke ƙafa daga kan keke. "A bar su su yi me?"

"Aikinsu mana. Duk wata su saki ƙwai yadda suka saba, jiki ya shanye. Jini ne kawai ba za ta gani ba. Wata ma har takan ji lokacin ya zo." Ta gano gilashin a goshinta, ta yi tsaki, ta ce ranar Litinin take so, ta fita.

Shekaru Gwaggo ta yi tana ɗinka abin nan a haɗe, don a haka robar farko ta zo mata, kuma a tunanin tela, in ka yar da riga ai da hannunta ta tafi. Ta yi aikin yadda aka ce. Da ta gama ta ɓalle maɓallan, mahaifar ta fito a hannunta, jakunkunan biyu suka tsaya a wurinsu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta daɗe tana kallonsu har mai gyaran fanka ya leƙo ya tambaya ko lafiya, don bai ji ƙarar keke ba.

Ta san akwai wurin hoton ciki, ɗalibai kullum suna maganarsa. Abin da ya riƙe ta tsoro ne. In aka duba aka ce babu komai, to mijinta da ƙanwarta sun yi gaskiya, ta yi rabin rayuwarta da taɓin kai. Gara rashin sani, in ji ta, sai kuma gari ya waye ta ga ba gara ba. Haka ta yi ta ja da kanta har ta gaji, ta kulle shago, ta hau mota zuwa wani asibiti can ƙarshen gari inda babu ɗalibar da za ta gan ta.

Aka ce ta sha ruwa da yawa, kada ta zaga. Ta zauna a benci cikin masu ciki, wannan da mijinta, waccan da uwarta riƙe da jaka. Wata mai tsohon ciki ta matsa mata wuri ta ce, "Mama, 'yarki kika rako?"

"Ni ce," in ji Gwaggo. Matar ta kalli cikinta, ta kalli furfurarta, ta koma latsa waya.

Ɗakin hoton da sanyi da duhu-duhu. Mai hoton mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yar ƙanwar Gwaggo ba. Ta ce, "Mama, me ke damunki?"

"Babu abin da ke damuna. An yi min aiki tun kafin a haife ki. So nake ki duba min ko an bar wani abu."

Mai hoton ta shafa mata wani mai mai sanyi a mara, bisa tsohon tabon, ta ɗora kan na'urar tana zagayawa. Allon ya cika da toka-toka, babu ja babu ruwan hoda, babu abin da Gwaggo ta gane.

"Mahaifa dai babu."

"Wannan na sani."

Mai hoton ta danna ta dama, ta karkata hannu, ta sake dannawa har Gwaggo ta cije leɓe. Can ta tsaya, ta nuna wani ɗan abu da bai fi kan yatsa ba. "Ga jakar ƙwai ɗaya." Ta hagu ta ba ta wahala, hanji ya tare, sai da ta sa Gwaggo ta juya kaɗan. "Ga ɗayar ma. Sun ƙanƙance, Mama, shekaru ne. Sun gama aikinsu tuntuni."

"Amma da suna yi?"

"Suna yi mana, har lokacin da al'ada kan ɗauke wa kowace mace."

Gwaggo ta ce, "To in mace ta ce tana jin su duk wata, yau dama gobe hagu?"

"Ai gaskiyarta ce. Wa zai ce mata ƙarya take?"

Daɗi ya kama Gwaggo, haushi ya biyo baya, haushin mutumin da ya so ta kuma ya rufe mata baki, wanda yanzu babu inda za ta same shi ta ce masa ga shi nan. Hawaye ya gangara mata cikin kunne, ba ta share ba. Ta yi kewarsa a wannan lokacin fiye da ranar da aka fita da shi.

Mai hoton ta miƙa hannu za ta ɗauko tawul, ta yi tambayar da ta saba yi wa duk wadda ta kwanta a gadon. "Akwai wanda zan kira ya shigo ya gani?"

"Babu," in ji Gwaggo. Ta kama wuyan hannun mai hoton a hankali, ta mayar da na'urar inda take. "Ki dai bar shi kaɗan, 'yata. Ni ban gama gani ba."